Kufena ko kwarin Kubanni: ina ya fi dacewa a kai masu son kallon tsuntsaye da namun daji?

Malam_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so mu tattauna tun sanyi bai kankama ba. Duk wanda aka ce masa a fita shan iska a Zariya, Dutsen Kufena ne ke fara faɗo masa a rai: a hau, a ɗauki hoto, a sauko. Ni kuwa a ganina, in dai halittu ake son gani ba hoto ba, kwarin rafin Kubanni da kwazazzaban da ruwa ya yanka a gefensa sun fi dutsen albarka nesa ba kusa ba. A can ne ruwa yake, a can inuwa take, a can akwai gaɓar ƙasa mai taushi da tsuntsu zai haƙa. To idan za a fita da mutum biyar ko shida, safiya ɗaya tak, ina za ku kai su? A wane wata? Da me za a riƙe a hannu?

Dan_Wusasa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka rage wa dutse daraja. Wanda ya hau Kufena da ƙarfe goma sha ɗaya cikin hayaniya ai ba abin da zai gani sai ƙadangare da hankaka. Laifin lokacin ne, ba na dutsen ba. Akwai halittun da ba za ka same su a kwari ba ko ka shekara kana nema: kazar dutse, hazbiya a bakin kogo, shaho mai sheƙa a jikin tsagin dutse, da yautai ɗin da launinsa ya saje da falalen dutse har sai ka kusa taka shi kafin ya tashi. Kuma ba a ƙololuwa ake ganinsu ba. A gindi ne, inda manyan duwatsu suka zubo suka haɗu da bishiyoyi. A zauna nan daga 6:30 zuwa 8:30 na safe, baki a rufe.

Malam_Samaru:
Na karɓi gyara a kan gindin dutse. Amma lissafa mini iri nawa za a samu a awa biyun nan, a gwada da bakin ruwa.

Dan_Wusasa:
A yawa bakin ruwa zai yi nasara, wannan ba gardama. Amma rabin abin da za ka lissafa a can, belbela da kurciya da shirwa, ana ganinsu a bayan gidan kowa.

MaiMadubi:
Bari in shiga tsakani da abin da ya sa masana suka san sunan Zariya a wannan fanni. A shekarun 1960 akwai wani malami Bature a Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, wanda ya yi shekaru yana nazarin tsuntsun nan kore mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma. A gaɓar rafuka da kwazazzaban ƙasar Zariya ya yi aikin. Tsuntsun yana zama ne jama'a-jama'a, su haƙa ramuka a jikin gaɓa mai tsaye, kowane rami ya shige ciki kusan mita ɗaya, ƙarshensa da ɗan ɗaki. Suna haƙar ne a ƙarshen damina tun ƙasa da danshi, don in ta bushe ta zama kamar bulo ba ta haƙuwa. Sai su bar ramin har wajen Janairu zuwa Fabrairu sannan su yi ƙwai. Abin da ya fi jan hankali shi ne ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai sheƙar da za ka ga na uku yana kawo abinci, galibi ɗan'uwansu ne da bai samu nasa gidan ba.

Yadda ake gane mazauninsu: nemi gaɓa mai tsayin mutum ko fiye, wadda ba ciyawa a fuskarta. Za ka ga ramuka masu faɗin da bai wuce bakin ƙaramin kofi ba, jere kusa da juna. Ramin da ake shiga yana da ƴan layuka biyu a ƙasan bakinsa, sawun ƙafafu ke nan. Wanda aka daina shiga za ka ga yanar gizo-gizo a bakinsa. A tsaya a ɗaya gaɓar, nisan taku talatin, a zauna ƙasa. In tsuntsu ya zo da ƙwaro a baki ya tsaya a reshe ya ƙi shiga rami, alama ce kun yi kusa da yawa, ku ja baya. Kada a tsaya a saman gaɓar da ramukan suke, domin rufin ɗakin ƙwan ba shi da kauri, nauyin mutum yana rufta shi.

A lura da yadda yake yi da ƙudan zuma: ya cafe shi a iska, ya dawo reshe, ya buga kansa, sannan ya goga wutsiyar a jikin reshen har dafin ya fita, kana ya haɗiye. Wannan kaɗai ya ishi tawaga kallo na awa guda. Don haka ni ina tare da Malam_Samaru, amma daga Janairu zuwa Maris.

Bazazzagiya:
Allah ya saka da alheri, Yaya MaiMadubi. Tambayata: wane yanki na Kubanni ake nufi? Domin wanda ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ai leda ce da ruwan kwata.

Malam_Samaru:
Gaskiyarki, Malama. Sama ake nufi. Rafin yana tasowa ne daga tuddan Kampagi wajen Shika, ya cika madatsar jami'a a Samaru, ya ratsa gari, ya faɗa kogin Galma. Yankin da ke sama da madatsar da ƙananan rafukan da ke zuba cikinta su ne masu kwazazzabai. Bakin madatsar kanta harabar jami'a ce, sai an nemi izini wurin jami'an tsaro, kuma a faɗa musu akwai madubin hangen nesa da kyamara tun kafin su gani da kansu.

Injiniya_Hanwa:
Tunda an karkata kwari, dole a faɗi haɗarinsa, domin ya fi na dutse ɓoyuwa. Kwazazzabo ba rami ne da ya gama haƙuwa ba, yana ci gaba da ci. Ruwa yana cinye ƙasan gaɓa ya bar sama a rataye, kana tsaye a kai kana zaton ƙasa ce mai ƙarfi alhali ƙarƙashinka fayau ne. Alamar ita ce tsaga mai bin tsawon gaɓa, taku ɗaya ko biyu daga baki, ko saiwar bishiya da ta fito tana lilo. A bar tazarar mita biyu daga baki. Inda masu ɗibar yashi suka yi aiki ya fi muni, don sun ƙara ƙwaƙule gindin.

Na biyu, daga Yuni zuwa Satumba ba a tafiya a cikin kwazazzabo sam, ko da sama ta yi garau a inda kake. Ruwan da aka yi a Shika zai iya iso maka ba ka ga ko ɗigo ba. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, kuma yana zuwa ne da ƙarfi a ɗan lokaci. In ka ga ruwan ƙafarka ya fara jurwaye yana ɗauko tsinke da ganye, ko ka ji ƙugi daga sama, hau gaɓa nan take, kada ka bi kwarin da gudu. Duk inda aka sauka, a fara duba ta ina za a fita.

Gwaggon_Yara:
A ƙara da tsargiya. Yara suna ganin ruwa sai cire takalmi. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ba. Sai bayan wata biyu ko uku a ga jini a ƙarshen fitsari, an ma manta da fitar. Ba shiga ruwa, ba wanke fuska, alwala ma a riƙo ruwanta daga gida.

Dan_Wusasa:
Kun gani ko? Dutse ba tsargiya. Amma don adalci ga nasa matsalolin. Kufena dutse ne irin wanda ke ɓarewa falle-falle kamar albasa saboda zafin rana da sanyin dare. Wani fallen yana nan a manne a ido amma ƙasansa ya rabu. Buga shi da sanda: in ya yi ƙara kamar ganga, kada ka ɗora nauyinka a kai. Baƙaƙen layukan nan da ke gangarowa a jikin dutse hanyar ruwa ce, gansakuka ce ta bushe. Da rani ba komai, amma raɓa kaɗan ta taɓa ta sai ta koma kamar karkashi. Takalmi ya zama mai tafin roba mai taushi da igiya, ba silifas ba, ba mai tafin fata ba. Tafin ƙafa gaba ɗaya ake ɗorawa, a gajarce taku, a riƙa hawa a karkace hagu da dama. Kuma yawancin faɗuwa a saukowa ake yi, lokacin gwiwa ta gaji kuma ido yana kallon gari maimakon ƙafa. Inda ya yi tsaye da yawa a zauna a sauko da mazaunai, ba abin kunya ba ne.

Abu_Hafsa:
Ruwa lita nawa kowane mutum?

Dakta_Z:
Da sanyi, rabin lita a kowace awa ta tafiya, wato lita ɗaya da rabi zuwa biyu don fitar awa uku. Kada sanyin hunturu ya ruɗe ku, iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa ba a ganinsa amma ruwan jiki yana tafiya. A Maris da Afrilu, da zafi ke kusantar digiri 40 a inuwa kuma falalen dutse ya fi haka nesa, a ninka, kuma a sauko kafin ƙarfe tara. A sa ƙunshin gishiri da sukari na kemis biyu a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai da jiri a kai shi inuwa a jiƙa masa tufafi. Wanda ya fara magana ba kan gado ko ya rikice, wannan ya wuce gajiya, asibiti ne kai tsaye ana sheƙa masa ruwa a hanya.

Baba_Sarkin_Baka:
Yarana, duk kun yi maganar ido, ba wanda ya yi maganar ƙasa. Naman daji a kusa da gari ya koma yawon dare saboda mutane da karnuka. Ba za ku gan shi ba, sawunsa za ku karanta. A je bakin rafi da sassafe kafin shanu su sauko sha su tattake. Yashi mai ɗan danshi shi ne allo. Guza yana barin layi ɗaya mai lanƙwasa a tsakiya, jan wutsiya ke nan, da sawun farata hagu da dama. Kare da dila da yanyawa faratansu suna fitowa a sawu, muzurun daji kuwa ba sa fitowa domin yana janye su. Zomo sawunsa huɗu ne a dunƙule, manyan na baya suna gaban ƙananan. Beguwa tana yar da ƙaya a bakin raminta. Ramin gafiya za ka ga ƙasa sabuwa a tule a ƙofa.

Sawu ba ya fitowa da rana tsaka. Sai rana tana ƙasa-ƙasa, ka sa sawun tsakaninka da ita, inuwa ta cika shi. Kuma a tafi ana fuskantar iska, kada ta kai warinku gaba.

MaiMadubi:
Ranka ya daɗe Baba, a nan akwai ɗan karo. Mai kallon tsuntsu yana son rana a bayansa, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai gan shi. Kubanni yana gangarowa ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, don haka da safe in ka bi shi sama rana tana bayanka, daidai ke nan. Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato ta gefen damanka, ba ta gabanka ba.

Baba_Sarkin_Baka:
Tsuntsu da ido yake tsaro, ɗana, ba da hanci ba. In tsuntsu kuke nema ku bi rana. In mai ƙafa huɗu ne ku bi iska. A tafi sama ana kallon reshe, a dawo ƙasa ana kallon yashi, an raba gardama. Abin da ya fi duka biyun shi ne farar riga. Mai farar shadda ana hango shi daga nesa. A sa ruwan ƙasa ko kore mai duhu, kuma kada a nuna tsuntsu da hannu a miƙe.

Bazazzagiya:
Baba, rema fa? Ana yawan cewa akwai a duwatsu.

Baba_Sarkin_Baka:
Kada a yi wa kowa alkawarinta, 'yata, an farauce ta ƙwarai a duk dutsen da ke kusa da mutane. Amma ba ta iya ɓoye gidanta. Wuri ɗaya take bayan gida shekara da shekaru, sai ka ga farin zane ya gangaro a jikin dutse ƙasan kogo, fitsarinta ne ya daskare, da tarin kashi ƙanana. In kashin ya yi fari yana marmashewa, sun tashi tuntuni. In baƙi ne da wari, suna nan. Sai a dawo da hantsi a zauna nesa, domin jikinta ba ya riƙe ɗumi, dole ta fito shan rana kafin ta yi kiwo, kuma kullum da mai gadi ɗaya a sama.

Dakta_Z:
Tunda Baba ya kai mu bakin kogo, a yi maganar maciji da kyau, don nan ne ake kuskuren da ke kashewa. Uku ne abin kula a ƙasarmu: kububuwa, kasa, da gamsheƙa mai tofi. Kububuwa ƙarama ce, da wuya ta wuce tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori, launin ƙasa, in ta ji motsi tana goga jikinta ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya tafiya da ƙafarsa yana cewa ba komai, bayan sa'o'i ko kwana dasashi ya fara jini. A nan Zariya ne, a shekarun 1970, Dakta David Warrell da abokan aikinsa suka yi nazarin saranta, kuma gwajin da aka fitar daga wannan aiki har yau shi ake yi: a ɗebi jini kamar mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a taɓa ba. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allurar kashe dafi irin su EchiTAb.

Abin yi a daji: a matsa daga wurin, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, a nufi babban asibiti. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da roba, ba baƙin dutse. Tsaga a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa ƙara masa hanyar zubar jini ne. Ɗauri mai tsanani kuwa shi ke jawo yanke ƙafa. Kada a tsaya neman macijin. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa na kusan minti 15, ba a murzawa, sannan asibiti.

Riga-kafin mai sauƙi ne: dogon wando mai kauri, takalmi rufaffe, ba a sa hannu inda ido bai gani ba, kuma gungume ko dutse a hau kansa a duba bayansa kafin a sauka, ba a tsallake shi a makance.

Kubanni_77:
Dakta ya gama magana. Ni zuma na fi tsoro a dutse fiye da maciji, don maciji ɗaya yake sara, ita kuwa tawaga duka. Tana zama a tsagin dutse da kogon kuka. In ka ga ƙudaje suna shiga suna fita ta wuri ɗaya a jere, canza hanya ba tare da hayaniya ba. Ba turare ranar fita. In ta taso, a rufe fuska da riga a yi nisa, amma a kan gangare gudun ne ke karya mutum, shi ya sa ake zaɓar wurin hutu mai fili a baya. Ƙarin da ta bari a fata a kankare shi da farce da wuri. Mai kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, asibiti.

Gwaggon_Yara:
Da tinya da ƙyarana masu fitowa a tsagin dutse. Farin ruwansu in ya shiga ido masifa ne. A hana yara karya su.

Malama_Tarihi:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Kufena ba dutse ne kawai ba, tsohon mazauni ne, akwai ragowar ganuwa a kewayensa, kuma yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana. Za ku ga tsingaro a ƙasa da ramukan niƙa a jikin dutse. A bar kowane a inda yake. Tsingaron da aka ɗauke daga wurinsa ya rasa rabin labarinsa, domin masu bincike da wurin suke aiki. Rubuta suna da fenti a jikin dutse kuwa ɓarna ce da ba ta gogewa.

Abin da ke damuna shi ne wannan kariya ta tarihi ce, ba ta halittu ba. Ba mu da wani yanki a cikin Zariya da aka killace aka ce na tsuntsu ne da naman daji, mai ƙofa da ma'aikata da hanyar tafiya. A Legas akwai na Lekki tun 1990, hekta 78 ne kacal a tsakiyar gine-gine. A Jos akwai dajin Amurum, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, shi ma duwatsu ne da kwari da kurmin bakin rafi, irin dai ƙasarmu. Ba girma ake buƙata ba.

Injiniya_Hanwa:
Malama, killacewa a nan ta fi wuya don kwarin gonar mutane ne. Masu lambu suna noman tumatir da albasa da rake har bakin ruwa, makiyaya suna shayarwa, mata suna itace. Abin da zai yiwu shi ne a bar ɗan zirin mita goma zuwa goma sha biyar a kowace gaɓa ba a nomewa, a bar gamba da kanya da ɓaure su riƙe ƙasa. Manomin ne ma zai fi cin riba, don kwazazzabon gonarsa yake ci kowace damina, kuma lakar tana tafiya ta cike madatsa.

Abu_Hafsa:
Wannan sai hukuma. Mu koma kan tambayar Malam. Ni sabon shiga ne, wane madubi zan saya, kuma yaya ake saita shi? Na ga an rubuta 20x50 a wasu a kasuwa.

MaiMadubi:
Bar 20x50, ɗan'uwa. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Duk abin da ya wuce 10 rawar hannunka yake ƙarawa, kuma filin da kake gani ya tsuke har tsuntsu ya tashi ba ka same shi ba. Nemi 8x42, in kuɗi bai kai ba 8x32. Kafin ka biya, kalli igiyar lantarki da shi: in ka ga ta rabu biyu ko idonka ya fara ja bayan minti ɗaya, gilasan ciki sun goce, ba ya gyaruwa da sauƙi.

Saiti: lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya dabaran tsakiya har abin da kake kallo ya fito sarai a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama kaɗai, ba na tsakiya ba. Shi ke nan, daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya sunkuya ya kalli madubin sannan ya ɗago yana lalube. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin wurin idon. Da hunturu kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar tana karce shi. Hure ta tukuna, sannan ƙyalle mai laushi.

A riƙe ɗan littafi da fensir: girma idan an gwada da kurciya, siffar baki, inda launi yake, abin da yake yi. Mai son aikinsa ya yi amfani, akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, an raba ƙasa gida-gida kimanin kilomita 9 kowane gefe, ana shigar da abin da aka gani ta manhajar BirdLasser.

Kubanni_77:
In kun ga ungulu ku rubuta wuri da rana da adadi. Tun 2015 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayar da sassanta don magani. Tsuntsuwar da a da ba mahautar da ba ta cika ba.

Bazazzagiya:
To wata fa? Kowa ya faɗi nasa daban.

Malam_Samaru:
Domin kowane wata da abin da yake bayarwa. Oktoba sama ta wanku, daga kan Kufena ana hango rimayen birni sarai, ƙananan tafkunan kan dutse da sauran ruwa da talibambam, amma ciyawa ta kai kafaɗa, ga ƙarangiya, ga maciji ba a ganinsa. Nuwamba zuwa Fabrairu baƙin tsuntsaye daga Turai sun iso bakin ruwa, ciyawa ta kwanta, ƙirinjijiya da zalɓe da zakaran ƙeƙuwa sun taru inda ruwa ya rage, amma hazo yana rufe hangen nesa. Damo ba a ganinsa da rani, yana cikin rami sai ruwa ya sauka. Shamuwa kuma sai wajen Afrilu zuwa Mayu.

Dan_Wusasa:
Ka ga ke nan da bakinka ka ba dutse Oktoba.

Malam_Samaru:
Na ba shi don hange. Don halittu ina nan a kwari.

Kawu_Sintiri:
Duk inda kuka zaɓa, ga abin da ba a tsallakewa a wannan zamani. A je wurin mai unguwar yankin kwana ɗaya kafin fita, a gaishe shi, a faɗi adadi da lokaci, a nemi ya haɗa ku da mutum ɗaya ɗan wurin, a sallame shi da abin kirki. Shi ya san inda ake fasa dutse da ranar da ake sa nakiya, ya san gonar da ba a ratsawa da rugar da karnukanta ba su da wasa. Baƙon da aka gani da madubi yana leƙe-leƙe ba a san da zuwansa ba, zargi zai jawo wa kansa. Kada a sanar da rana da wuri a Facebook kafin a je. A bar wa wani a gida sunayen tawaga da lokacin dawowa. Fitar safe kawai, a dawo kafin azahar.

Gwaggon_Yara:
Kawu, in da yara 'yan firamare a ciki fa, mutum shida ɗin nan har da su?

Kawu_Sintiri:
Babba ɗaya ga yara biyu, Hajiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba mai wuce na gaba. Kuma da yara ni gindin dutse zan zaɓa, ba kwazazzabo ba, don ana ganin kowa a fili.

MaiMadubi:
Da yara ma ana iya zuwa wurin masu jan maƙogwaro, in an zaunar da su a gaɓar da ke fuskantar ramukan, nesa da baki kamar yadda Injiniya ya ce. Sai dai wani ya riga zuwa cikin Disamba ya gano gaɓar da suke a bana, domin in damina ta rushe ta bara sukan koma wata. A Disamba rana tana fitowa wajen 6:40, don haka a kasance a zaune a wurin tun 6:30, da rigar sanyi mai duhu.